Shekarar da Muka Koma Unguwar Kanya

Rahila, Dauda, Hannatu, ku nake rubuta wa wannan, ku da 'ya'yanku idan sun isa karatu. Tun rasuwar mahaifiyarku na lura akwai maganar da kuke yi a tsakaninku, wadda kuke haɗiyewa in na shigo ɗaki. Kuna cewa Baba ya tashi rana ɗaya, zuciyarshi ta bushe, ya kwashi tsohuwa ya kai ta bakin daji a lokacin da masu hankali ke gudowa cikin gari. Ban ji haushinku ba. Amma ba haka abin ya kasance ba, kuma tunda idona ya fara raguwa, gara in rubuta shi yanzu tun ina ganin layi.

Kun san ni da zarto da guduma a rumfata ta bakin kasuwar Kankia, amma ba kafinta na yi niyyar zama ba. Ina saurayi na yi shekara biyu a makarantar horar da masu bishara, kuma ranar da muka gama na tsaya gaban jama'a na ce duk inda Ubangiji ya aike ni zan je. Ba wanda ya matsa mani. Na ji kiran a jikina kamar yadda mutum ke jin yunwa. Sai na dawo gida na ce bari in yi aure tukuna. Da na auri Saratu, mahaifiyarku, na ce bari a haifi na fari. Da aka haifi Rahila na ce bari in rufe ɗaki da kwano. Daga nan sai makarantarku, sai aurenku, sai ciwon bayan da ya kama ni. Kowane dalili na gaskiya ne, shi ya sa ban taɓa jin kamar ƙarya nake ba. Na yi wa majami'u da yawa benci da teburin wa'azi, ina gaya wa kaina ai wannan ma aikin Allah ne. Haka shekara talatin da 'yan kai suka wuce.

Akwai wani tsoho, Baba Nomau, dattijon masu bi na Unguwar Kanya, wata 'yar unguwa a ƙasar Kusada, gaba kaɗan da Boko. Gidajen Kirista a wurin ba su fi goma ba, sauran duk Musulmi ne, kuma yawancinsu dangin juna ne, kaka ɗaya. Mai bisharar da suke da shi ya tsufa, 'ya'yanshi suka ɗauke shi, aka bar su da ɗakin sujada na laka babu mai tsayawa a gaba. Baba Nomau bai iya karatu ba. Waƙoƙi uku ya haddace da addu'a ɗaya, da su yake riƙe mutane kowace Lahadi. In ya kawo wake ko akuya kasuwa, sai ya biyo ta rumfata, ya zauna kan guntun katako, ya sha ruwa, ya yi ta kallona ina aiki. In zai tashi sai ya ce:

"Malam Ishaya, yaushe?"

"Baba, a bari a yi kaka."

"To. Allah shi kai mu."

Bayan kaka in ce a bari zafi ya wuce. Bayan zafi in ce ga damina ta kama, hanya ba kyau. Shekara bakwai yana wannan tambaya, bai taɓa ɗaga mani murya ba, kuma wannan ne ya fi damuna. Har na kai in na hango farar hularshi daga nesa sai in ce wa maƙwabcin rumfata na tafi sayen ƙusa.

A cikin shekarun nan ne 'yan bindiga suka fara addabar ƙauyuka. Da farko labari ne daga yamma, can nesa da mu. Sannu a hankali sunayen garuruwan da ake ambata suka zama waɗanda na sani, waɗanda na taɓa kafa ƙyaure a cikinsu. Mutane suka fara shigowa Kankia da tabarmi da tukwane a ka, mata da goyo, ba ka ganin maza sosai. Zan gaya maku abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: a can ƙasan zuciyata na ji wani sauƙi. Na samu dalilin da babu mai iya musawa. Wa zai ce wa dattijo mai shekara sittin ya koma ƙauye a irin wannan lokaci?

Wata safiya da bazara, ina yanka katako, sai ga Tanko, babban ɗan Baba Nomau, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Ya jingine babur ɗinshi, ya tsaya bai zauna ba.

"Malam, akwati na zo a yi mani. Baba ya cika."

Na ajiye zarto. Na yi mashi gaisuwa, na tambayi ciwon, ya ce kwana huɗu ne kawai. Sai bakina ya kuɓuce na ce ko ya bar wani saƙo.

"Ya bari. Ya ce in gaishe ka. Ya ce in ce maka ka kwantar da hankalinka, ya daina tambaya."

Na yi akwatunan gawa da yawa a rayuwata, amma ban taɓa lanƙwasa ƙusoshi kamar na ranar ba. Muka ɗaure akwatin a bayan babur ɗin Tanko da roba, ni kuma na hau nawa na bi shi, don kunya ba za ta bar ni in zauna ba. Tun da muka sauka daga kwalta na fara waige-waige. Duk mai babur da na hango daga nesa sai in ce ga 'yan bindiga nan. Da muka isa, mun tarar an gama haƙa kabari, Musulmin unguwar ne ma suka haƙa, suka koma gefe suka tsaya. Aka sa gawar, aka yi waƙa ɗaya, sai aka yi tsit, kowa na kallon ɗan'uwanshi. Tanko ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon littafin Maganar Allah a naɗe cikin leda, wanda mahaifinshi ya adana shekara da shekaru bai san abin da baƙi ɗaya ke cewa ba. Ya miƙo mani. Na karanta, muryata na rawa, mutane suka ɗauka kuka ne. Ba kuka ba ne. Rana nake kallo, ina so in bar wurin kafin la'asar. Ina ƙoƙarin tayar da babur sai Inna Kande, matar mamacin, ta riƙe bakin rigata.

"Ɗan nan, ka tsaya ka ci abinci mana."

"Inna, hanya nake ji."

"I, hanya," in ji ta, ta saki rigar. "Ku da ke da inda za ku."

Kwana uku ban iya cin abin kirki ba. In na durƙusa addu'a sai in rasa abin cewa, domin na san amsar, na san ta tun ina saurayi. Rana ta huɗu na samu mahaifiyarku a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na tsara maganar yadda zan samu abin da nake so.

"Saratu, ina ganin ya kamata mu koma Unguwar Kanya. Amma in ba ki yarda ba, shi ke nan. Ba zan ja ki cikin masifa ba."

Ta ajiye faifan a cinyarta.

"Malam, dube ni. So kake in ce a'a, ko ba haka ba?"

Ba ta jira ni ba, ta ci gaba.

"Shekara talatin kana laɓewa bayan yara. Yara sun watse, yanzu bayana kake so ka laɓe. To ni ba zan zama dalilinka ba. Tsoro kam ina ji, tun ranar da ka dawo. Amma in za ka ƙi, ka ƙi da bakinka, ka gaya wa Wanda ya kira ka."

Kun tuna abin da ya biyo baya, amma kowa ɓangarenshi ya sani. Rahila, kin taso daga Katsina ba ki ko cire mayafi ba kika fara: "Baba, mutane na gudowa kai kana shiga? Allah ya ce mutum ya kai kanshi a kashe?" Dauda, kai ka kashe waya ina tsakiyar magana. Hannatu kuka kawai ta yi. Abin da ba ku sani ba shi ne, kowace kalmarku ta yi mani daɗi, don ita ce zuciyata ke faɗi. Sannan ga yayana, Alhaji Mamman, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya musulunta tun muna samari, bai kuma taɓa fasa zumunci da ni ba. Ya zo rumfata ya sa na ajiye aiki.

"Ishaya, ban taɓa hana ka addininka ba. Amma ka jinkirta shekara ɗaya, a ga yadda ƙasa za ta yi."

"Yaya, shekara ɗai-ɗai ɗin nan ne suka taru suka kai ni inda nake."

Sai ya ce:

"To. In ka je ka fara sauka wurin mai unguwa, Malam Sale. Abokina ne. Zan yi mashi magana."

Na faɗi wannan magana ga yayana da ƙarfi, amma bayan dattawan ikilisiya sun sa mani hannu sun yi addu'a, sau biyu ina ɗaga ranar tafiya. Na farko na ce akwai gadon wani ango da ban ƙarasa ba. Na biyu ban ma samu dalili ba, na ce jikina ne. Na dawo daga rumfa na tarar mahaifiyarku ta ɗaure kaya ta jera a zaure, ta raba kajinta ga maƙwabta, ta kuma yi magana da mai mota da kanta. Haka muka tafi, washegarin ruwan farko.

Malam Sale ya karɓe mu da mutunci, ya ba mu 'yar gona a bayan ɗakin sujada. Na gyara benci, na lissafta wa kaina gidajen da zan bi, na fara koya wa maza karatu bayan sun dawo daga gona. Saratu ta tara mata a ɗakin sujada kowace Alhamis da rana, tana rubuta masu baƙi da gawayi a jikin wani katako da na goge mata. Mutane sun yi murna da mu, har Inna Kande ta riƙa aiko mana da daddawa. Amma kada in yi maku ƙarya in ce da na yi biyayya tsoro ya tafi. Ƙaruwa ya yi. A Kankia labari nake ji, a nan kuwa fuskoki nake gani. Fulanin da ke kawo mana nono sun ragu daga mata biyar zuwa ɗaya, ita ma ta ce an kwashe masu shanu, za su tashi. Kowa a unguwar ya iya bambance ƙarar babur ɗaya da ta babura da yawa. In ana hira aka ji ƙara daga nesa, sai a yi shiru, a ƙirga da kunne, sannan a ci gaba. Na rame har wandona ya riƙa zamewa. Kowace safiya addu'ata ɗaya ce: Ubangiji, ka ba ni ƙarfin yau kaɗai, na gobe ba zan iya ɗauka ba.

Ranar ta zo a wata Alhamis, lokacin da dawa ta fi mutum tsawo amma ba ta yi kai ba. Mata na ciki suna karatu, ni ina ƙofa ina gyara ƙafar benci. Na ji ƙarar, na tsaya ina ƙirgawa, sai na ga ba ta ƙirguwa. Kafin in miƙe aka saki harbi ta wajen rijiya. Ban san lokacin da na yar da guduma ba. Na leƙa ciki na yi ihu su fita ta baya su shiga dawa. Mata suka fito suna ture juna. Ladi, matar Tanko, tana da goyo ga kuma ɗiyarta 'yar shekara uku, sai Saratu ta sungumi yarinyar ta ruga da ita. Na bi bayanta. Ganyen dawa na yankar fuska, ba ka ganin gabanka. A ƙarshen gonarmu akwai wani kwazazzabo da ruwa ya ci, na san da shi, ita ma ta sani, amma mai gudu ba ya tuna komai. Na ga ta ɓace daga gabana, na ji wani sauti kamar an karya busasshen ice.

Na gangara na same ta a kwance a karkace, yarinyar na kan ƙirjinta ba abin da ya same ta. Ƙafarta ta dama ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Ta buɗe baki za ta yi ƙara, sai muka ji muryoyi a samanmu. Ta cusa bakin zanenta a baki ta cije, da ɗaya hannun ta toshe bakin yarinyar. Na kwanta a gefenta, fuskata cikin laka. Mutum biyu ne, suna kora shanun huɗa ta bakin gonar, suna magana kamar masu dawowa daga kasuwa. Ɗaya ya tsaya daidai kanmu, har ƙasa ta zubo mani a wuya. Ina ganin takalminshi na roba. 'Ya'yana, ni da na yi makarantar bishara, ni da nake koya wa mutane addu'a, ban iya haɗa kalma biyu ba. Sunan Yesu kawai nake maimaitawa a cikina, fitsari kuma ya jiƙa wandona. Na juya ido na kalli mahaifiyarku. Zufa na zuba daga goshinta, idonta a buɗe, tana kallona, tana girgiza kai a hankali kada in motsa. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Daga baya mutumin ya tofar da yawu ya wuce.

Da ƙarar babura ta yi nisa, mutane suka fara fitowa ɗaya-ɗaya suna kiran sunaye. An kwashe shanun unguwar kaf. An kashe mutum biyu: Tanko, wanda ya tsaya a bakin turken shanunshi, da ƙanen Malam Sale, wanda ya fito daga masallaci. Babu sauran saniyar da za ta ja amalanke, sai aka ciro ƙyauren ɗakin sujada aka ɗora Saratu, mutum huɗu suka ɗauka, Malam Sale na ɗaya daga ciki, ga gawar ƙanenshi ba a ko rufe ba. Haka aka kai ta bakin hanya. Ƙashin ƙugu ne ya karye. Daga asibitin farko aka tura mu Katsina. Ban samu jana'izar Tanko ba. An ce Ladi ce ta karɓi littafin ta karanta layi biyu, tana haɗa baƙi ɗaya-ɗaya, sauran kuma aka yi waƙa.

A asibiti kuka same ni, ku ukun. Dauda, ka ce mani a gaban mutane, "Ka ga abin da ka jawo?" Ni ma abin da nake gaya wa kaina ke nan. Na yanke a zuciyata na gama, ba zan sake taka unguwar ba. Ranar Asabar da safe, kun fita neman magani, ta farka ta ce in matso.

"Malam, gobe Lahadi."

"Na sani."

"Wa zai tsaya a gabansu?"

"Saratu, ki bar maganar nan. Dubi yadda kike."

"Ni ina da mutum uku a kaina, ga likita. Ladi wa take da shi? Inna Kande ta binne miji da ɗa a shekara guda." Ta numfasa. "Kada ka sa ƙafata ta karye a banza."

Na fita ban jira ku dawo ba, don na san in na gan ku ba zan tafi ba. Wannan ne kuka kira gudu daga jinya, kuka riƙe shi a ranku har yau. Mai babur ɗin da ya ɗauke ni daga Kusada ya ƙi wuce Boko, sauran da ƙafa na ƙarasa, ina tsayawa kowane ɗan lokaci ina saurare. Na tarar rabin gidajen a rufe, an tashi.

Washegari mutum tara suka zo sujada, a ɗakin da babu ƙyaure. Na tsaya a gaba, na riƙe teburin da hannu biyu. Mun gama waƙa, na buɗe littafi na fara karatu, sai ga ƙarar babur. Kowa ya daskare. Ladi ta jawo 'ya'yanta. Na ji ƙafafuna na ce mani in gudu, amma in na gudu duk za su bi ni, in kuma na tsaya na yi kuskure, jininsu na wuyana. Na sa kunne. Guda ɗaya ne. Ya zo ya tsaya daidai ƙofa. Alhaji Mamman ne, da buhun masara ɗaure a baya, babbar rigarshi duk laka. Ya leƙo ya ga muna tsaye kamar gumaka.

"Ku ci gaba da ibadarku," in ji shi. "Ina nan waje."

Ya je gindin dalbejiya ya zauna yana fuskantar hanya, yana jan carbinshi, har muka tashi.

Mahaifiyarku ba ta sake tafiya ba sai da sanda. Bayan wata huɗu ta sa aka maido ta Unguwar Kanya, kun yi faɗa da ita a kan haka, kun tuna, kuma ba ku ci nasara ba. Ta yi shekara biyu tana koyar da mata daga kan kujerar da na yi mata, kafin ciwon ya kwantar da ita. Ba zan ce maku babu hannuna a cikin rasuwarta ba. Da mun zauna Kankia wataƙila da yanzu tana tsakar gida tana yi wa jikokinta faɗa. Wannan nauyin nawa ne, ina ɗauke da shi kowace rana, kuma ban roƙi Allah ya sauke mani ba. Abin da nake so ku daina faɗi shi ne an kai ta. Ba a kai ta ba. A gidanmu ita ce ta fara amsawa, ni na bi bayanta cikin tsoro.

Kuna ta aiko mani in dawo gari. Na gode, Allah ya yi maku albarka. Amma mutum ashirin da wani abu ne yanzu ke zuwa ranar Lahadi, huɗu daga cikinsu suna iya karatu, kuma kabarinta yana nan bayan ɗakin sujada. Har yau in ina tsaye a gaba na ji ƙarar babur, tsoron nan yana dawowa. Nakan ɗora yatsa a kan layin, in saurara har ya wuce, sannan in ci gaba daga inda na tsaya.